Yadda Ake Ziyartar Ganuwa Da Tuddan Mutanen Da Can A Karkara

Tun kafin a fara rubuta tarihi mutane suke haƙa rami suna tara ƙasar a gefe. Wasu sun kewaye kan tsauni da ganuwa da gwalalo, wasu sun tara tudu a kan mamatansu, wasu kuma sun fitar da da'ira ko siffar dabba da ƙasa zalla. Akwai irin waɗannan wurare a kudancin Ingila, da kwarin kogunan Mississippi da Ohio a Amurka, da jihar Acre ta Birazil inda sare daji ya tona ɗaruruwan ramuka masu siffar da'ira da murabba'i, da Eredo na Sungbo a dajin Ijebu, wanda tsawonsa ya kai kusan kilomita 160.

Ginin dutse da kansa yake nuna maka kansa. Aikin ƙasa kuwa sai ka neme shi, ko da kana tsaye a kansa. Shekaru dubbai ruwan sama yana wanke ganuwa yana mayar da ita cikin ramin da aka haƙo ta, garma ta bi ta kai, ciyawa ta rufe. Shi ya sa sabon mai ziyara yakan iso da rana tsaka, ya ga filin kiwo mai ɗan hawa da gangara, ya ɗauki hoto, ya juya yana cewa an dai cika baki. Wurin yana nan. Lokacin zuwa da tsarin kallo ne suka kuɓuce masa. Ga tsarin da nake bi.

Kayan da za ka tanada

- Taswira ta takarda mai nuna tudu da kwari. A Birtaniya ta Ordnance Survey mai ma'aunin 1:25,000 ta fi dacewa, santimita 4 a takarda daidai da kilomita 1 a ƙasa, kuma tana rubuta sunayen wuraren tarihi da wani salon baƙi na daban mai ado. Ƙasashe da yawa suna da hukumar safiyo mai irin wannan aiki.
- Zanen shi kansa wurin, wanda masu bincike suka yi. Ka buga shi a takarda. In an ce in zaɓi abu ɗaya cikin jerin nan, shi zan ɗauka.
- Waya mai cikakken caji, da taswirar yankin da ka riga ka sauke, don sabis yakan ɗauke a bayan tsauni.
- Kamfas. Na waya ma ya wadatar.
- Takalmi mai kama ƙasa wanda ya rufe idon sawu, da dogon wando.
- Rigar ruwa, hula, ruwan sha. A kan tsauni iska takan fi ta ƙasa ƙarfi, kuma ba mafaka.
- Sanda, wadda ka san tsawonta.
- Littafin rubutu da fensir. Biro yakan ƙi rubutu a takarda mai laima.
- Madubin hangen nesa, in akwai. In babu, kyamarar waya tana iya jawo abu kusa.

Abu biyu ka bar su a gida: na'urar gano ƙarfe da duk wani abin tono, komai ƙanƙantarsa. A Ingila dokar 1979 ta hana amfani da wannan na'ura a wurin tarihi mai rajista ba tare da rubutaccen izini ba, Amurka ma tana da dokar shekarar 1979 mai kare kayan tarihi a filayen gwamnatin tarayya. Ko babu doka, ramin da ka haƙa da wasa ya lalata abin da ba a iya mayarwa.

1. San irin abin da za ka gani

Ba sai ka yi dogon karatu ba. Iri huɗu sun ishe ka.

Na farko ganuwar kan tsauni, mai gwalalo a waje. Maiden Castle da ke kusa da Dorchester a Ingila ita ce babbar misali: an fara ta wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta kewaye kusan hekta 19, da layukan ganuwa bi da bi. Na biyu da'irar ganuwa wadda raminta yake ciki, kamar ta Avebury a Ingila. Na uku tudu, dogo ko zagayayye, sau da yawa da kabari a ciki amma ba kullum ba. Na huɗu siffofi, irin macijin ƙasa na Serpent Mound a Ohio mai tsawon mita 400 da ɗoriya, wanda tsayinsa bai wuce kusan mita ɗaya ba.

Tambayar da za ka riƙe ita ce: ramin yana wajen ganuwa ne ko cikinta? Mai tsoron mahara a waje yake haƙa rami, don abokin gaba ya faɗa ciki kafin ya fara hawa. Wanda ya sa rami a ciki ya ba na waje tudun tsayawa, ke nan ba yaƙi ne a ransa ba. Da wannan tambaya kaɗai za ka rarrabe wurin tsaro da wurin taro ko bauta a mafi yawan lokuta.

2. Tabbatar da izini da hanya

Kasancewar wuri cikin rajistar gwamnati ba ya nufin kowa na iya shiga. Da yawa suna tsakiyar gonar wani. A Ingila kana da 'yancin bin turbar jama'a da taswira ta nuna, amma ba ka da na kauce mata ka ratsa gona. A Sikotilan dokar 2003 ta ba da damar ratsa mafi yawan fili muddin ba ka yi ɓarna ba. A Amurka tuddai da yawa wurare ne masu alfarma ga 'yan asalin ƙasar, kakanninsu ne a ciki, kuma a wurare irin Serpent Mound an hana taka su sam.

In filin na mutum ne, nemi mai shi ka yi sallama ka faɗi abin da ya kawo ka. Da ɗan gari akan ci gari: manomin da ya shekara yana kewaya tudu da tarakta ya san inda ruwa ke kwanciya, inda garma ke cin karo da dutse, da ƙofar da ta fi kusa. In ya ce a'a, ka kalla daga hanya. Kada ka ajiye mota a bakin ƙofar gona ko da kana ganin ba kowa, kuma kowace ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta, a buɗe ko a rufe.

3. Zaɓi lokaci

Nan ne rabin aikin yake. Aikin ƙasa inuwa ke bayyana shi. In rana tana tsaka, haskenta yana sauka kai tsaye, tudu da kwari duk su zama launi ɗaya. In ta yi ƙasa, hasken yana zuwa daga gefe, ganuwar da ba ta kai gwiwa ba sai ta shimfiɗa doguwar inuwa, kamar yadda ake kwantar da tocila a jikin bango don a ga inda yaɓe bai daidaita ba. Saboda haka ka isa ko dai daga fitowar rana zuwa hantsi, ko daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwarta. Ni na fi son safiya, don raɓa takan daɗe a cikin rami bayan ta bushe a kan tudu, sai layin gwalalon ya fito da duhu ko inda ya kusa cikewa.

Sai ka duba zanenka ka ga ta wace fuska ganuwar ta miƙe. Wadda ta tafi daga arewa zuwa kudu tana fitowa sarai da safe da yamma, tunda hasken yana buga ta a gicciye. Wadda ta miƙe gabas da yamma takan ɓace a daidai wannan lokaci, don hasken yana bin tsawonta ne. A ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, lokacin hunturu rana ba ta hawa sama sosai ko da tsakar rana, sai irin wannan ganuwa ta samu inuwarta. Wannan na cikin dalilan da masu wannan harka suke fita cikin sanyi lokacin da 'yan yawon buɗe ido suke gida.

Ɗaya dalilin ciyawa ce. Doguwar ciyawa da ƙaya suna shafe komai. Ka je lokacin da ta mutu, ko dabbobi suka cinye ta, ko bayan an girbe gona. Ƙanƙara mai laushi da ta ɗan zuba, iska ta share ta daga tudu ta tara a rami, ta fi kowane zane bayyana wuri. Bayan ruwan sama mai yawa kuma, inda ruwa ya kwanta a layi ko a lanƙwashe, yawanci tsohon rami ne.

In ba ka da zaɓi sai tsakar rana, kada ka fasa. Durƙusa ka kawo idonka kusa da ƙasa, ka sa sararin sama a bayan abin da kake kallo. Ɗan tudun da ya ɓace kana tsaye zai fito a matsayin lanƙwasa a bakin sama.

4. Kalli wurin daga sama tun kana gida

Buɗe Google Earth ka nemo wurin, sannan ka duba tsofaffin hotunan shekarun baya, musamman na shekarar fari. Ramin da ya cike yana riƙe laima fiye da ƙasar da ke kewaye, don haka amfanin gonar da ke kansa yakan daɗe da kore bayan saura sun bushe. Da haka ne a farin 2018 wani jirgi marar matuƙi ya hango wata babbar da'ira a gonar da ke kusa da Newgrange a ƙasar Ailan, wadda ba a san da ita ba. Poverty Point ta jihar Louisiana a Amurka ma, wadda aka gina tsakanin 1700 da 1100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an daɗe da sanin tuddanta, amma layukan kunyoyinta shida masu lanƙwasa sai a farkon shekarun 1950 aka gane su a hoton jirgin sama. Sun yi girman da mai tafiya a ƙasa ba ya iya haɗa su a ido.

In wurin yana cikin daji, nemi hoton lida, wanda ake ɗauka daga jirgi da hasken leza a cire itatuwa a bar siffar ƙasa tsirara. Wasu ƙasashe, har da Ingila, suna sakin nasu kyauta a intanet. In babu ko ɗaya, kwafi zanen daga littafi da hannunka. Kwafin ma yana sa siffar ta zauna a kai.

5. Tsaya daga nesa tukuna

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sauka daga mota a miƙe zuwa ƙololuwa. Daga can ba ka ganin abin da ka zo gani, tunda yana ƙarƙashin ƙafarka. Tsaya tun saura rabin kilomita ko fiye. Dubi inda aka ɗora shi. Tuddan kaburbura da yawa ba a kan ainihin ƙololuwa suke ba, an ɗan sauko da su gefe ta yadda mai tafiya a kwari zai hango su a bakin sama. Wannan yana gaya maka daga wane ɓangare aka so a gan su, wataƙila kuma inda masu su suka zauna. Nemi ruwa mafi kusa. Nemi wasu tuddan a tsaunukan da ke kewaye. Da wuya ka samu ɗaya shi kaɗai.

6. Kewaya ta waje, ka shiga ta ƙofa

Bi gindin ganuwar ta waje har ka dawo inda ka fara, zanen yana hannunka, kana juya shi ya dace da kamfas. Kada ka ratsa ganuwa ta inda ka ga dama. Ratsawa ce ke kashe ciyawa, ta buɗe tabo, ruwa ya shiga ya zaizaye.

Ba kowane giɓi ne ƙofar asali ba. A ƙofar asali ramin yana ƙarewa a kowane gefe da zagayayyen baki, an bar ƙasar tsakiya ba a taɓa haƙa ta ba, kuma bakin ganuwar yakan yi kauri ko ya lanƙwasa ciki. Giɓin da manomi ya fasa don keken shanu ko tarakta yakan yanke ganuwar tsaf, ƙasar da aka ture tana cikin ramin a gabansa. In ka samu ta asali, shiga a hankali. A ƙofar yamma ta Maiden Castle ganuwoyin sun sarƙe da juna, dole ka yi ta karkata hagu da dama, kuma ko'ina ka juya akwai tudu a samanka inda mai majajjawa zai tsaya. Bayanin littafi ba ya kai wa ga abin da ƙafa take fahimta a nan.

Da ka shiga, tuna cewa wuri ɗaya yakan tara zamani da yawa. A cikin Maiden Castle akwai alamun wani shingen ramuka da ya girmi ganuwar da kusan shekara 3,000, akwai kuma harsashin wani ɗakin bauta na zamanin Rumawa. In layuka biyu sun haɗu, duba wanda ya yanke ɗan'uwansa: mai yankewa shi ne na baya.

7. Auna, ka zana

Tun a gida ka auna mita 20 ka ƙirga takunka a kai, ka maimaita har adadin ya tsaya. Da wannan za ka auna faɗin da'ira ko tsawon tudu. Don tsayi, sa abokin tafiyarka ya tsaya a gindi da sanda, ka ja baya ka ƙiyasta sau nawa tsayinsa zai shiga. Zanen ba sai ya yi kyau ba: layin ganuwa, layin rami, ƙofofi, kibiyar arewa, kwanan wata da lokaci.

Duk abin da ka auna, ka san ragowa ce. A Avebury, da Harold St George Gray ya tona ramin tsakanin 1908 da 1922, ya tarar zurfinsa na asali ya kai wajen mita 9, abin da ake gani yau kuwa bai kai rabin haka ba. A ƙasan ramin an samu ƙahonin barewa, waɗanda da su aka fasa dutsen allin da ke ƙarƙashin ƙasar wurin. Kuma ganuwar ba kore ba ce a lokacin, fara ce fat, ana hango ta daga nesa. In ka tsaya a bakin kowane rami, ƙara masa zurfi a zuciyarka, ka ɗaga ganuwar, ka tuɓe mata ciyawa.

8. Kada ido ya yaudare ka

Bayan ka koyi gani, sai ka fara ganin ganuwa a ko'ina. Tsohon ramin ɗibar dutse, madatsar ruwa, kunyoyin tsohuwar gona, ramin sojoji na yaƙe-yaƙen baya-bayan nan, suri, da tudun da ruwa ko ƙanƙara suka bari, duk suna kama da aikin mutanen da. Abin da ke da kaifin baki da gangare mai tsauri yawanci sabo ne. Tsohon aiki ya lafa, gefensa ya yi laushi. Tudu na gaske sau da yawa yana da alamar rami a kewaye, inda aka ɗebo ƙasarsa. Kwarmin da kake gani a saman tudun kabari kuma galibi aikin masu neman dukiya ne na ƙarnonin baya.

9. In ka ga wani abu a ƙasa

Zomaye da sauran dabbobi masu haƙa rami sukan turo tsingaro, ko gutsuren dutsen da aka sassaƙa, wani lokaci ƙashi. Duba, ka ɗauki hoto da fensir a gefe don a gane girmansa, ka rubuta inda yake daidai, ka bar shi. Darajar tsingaro tana cikin inda aka same shi. In ya koma aljihu ya zama fasasshiyar tukunya kawai. Kai rahoto ga hukumar da ke kula da wurin ko gidan tarihi mafi kusa. In ƙashin mutum ne, kada ka taɓa, ka sanar da hukuma a ranar.

Haka nan in an ce kada a hau, kada ka hau. Tudun Silbury da ke kusa da Avebury, mai tsayin kusan mita 30, wanda aka tara wajen shekara 2400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an hana hawansa. A shekarar 2000 rami ya buɗe a samansa, saboda rijiyar da masu neman kabari suka haƙa a 1776 ba a cike ta da kyau ba, kabarin ma ba su samu ba. Inda aka yarda a hau, kamar tudun Monks Mound a Cahokia ta Amurka, an yi matakala. Bi ta kanta.

10. Hoto

Sa rana a gefenka ko ɗan gabanka. In tana bayanka inuwa duk ta ɓuya. Sa mutum a cikin hoton, in ba haka ba ganuwa mai mita shida za ta fito kamar kunyar gona. Jirgi marar matuƙi kuwa sai da izini, wurare da yawa sun hana.

11. Lafiyarka

Jiƙaƙƙiyar ciyawa a gangaren alli ko yumɓu santsi gare ta, kuma saukowa ta fi hawa haɗari. Sauko a karkace, sanda a gefen tudu. Saniya mai ɗan maraƙi ka ba ta hanya mai faɗi, kada ka shiga tsakaninsu. In kana da kare kuma shanu suka taso, saki igiyar, shi suke bi kuma ya fi ka gudu. Da ka ji tsawa sauka daga tsauni nan take, kada ka fake a gindin itace guda da ke tsaye shi kaɗai. Inda ake kiwo akwai kaska, wasu kuma suna ɗauke da cuta. Cusa ƙafar wando cikin safa, ka duba jikinka da dare. In ta kama, sa hantsaki daf da fata ka ja a miƙe, ban da ƙonawa ko shafa mai. In jan zobe ya fito a wurin ko zazzaɓi ya biyo, je asibiti ka faɗa musu kaska ce. In kai kaɗai za ka, faɗa wa wani inda ka nufa da lokacin dawowarka, kuma in ziyarar yamma ce ka lissafa tafiyar komawa mota kafin duhu.

12. Bayan ka dawo

Yanzu ne lokacin dogon karatu. Ɗauko rahoton masu tono ka ajiye kusa da zanenka, ka ga abin da ka gano da abin da ya wuce ka. Rubuta tambayoyin da suka rage. Wasu amsoshin ba sa samuwa a ziyara ɗaya: ganuwar Newark mai kusurwa takwas a Ohio an daidaita ta ne da inda wata yake fitowa a iyakar arewacinsa, abin da ke zagayowa sau ɗaya a shekara 18.6. Yawancin wurare ba su kai haka wuya ba. In ka je da safe, sa ranar komawa da yamma, ko a wani lokacin na shekara, ka tafi da zanen nan naka da fensir mai wani launi don ƙara abin da sabon hasken ya fitar.